Kabari Biyu Kuka Haƙa wa Mijina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Gundumar Ikilisiyoyinmu, da Sakatarensa, da dukan dattawan da ke zama tare da su.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku, da aikin da Allah ya danƙa a hannunku. Ina gajiya, ina ɗawainiya da jama'a? Allah ya ba da lada.

Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni ce Malama Saratu, matar marigayi Bitrus kafinta, 'yar ikilisiyarmu ta Tudun Wada a nan Sakkwato. Na koyar a firamare har na yi ritaya. In sunana bai faɗo maka ba, to kujerar nan mai hannu da ake ajiye maka duk ranar da ka zo mana taro, mijina ne ya ƙera ta. Na zo ofishinku, aka ce kuna taro. Na dawo, aka ce kun yi tafiya. Na buga waya, aka ce in yi haƙuri, ana addu'a a kan maganar. To, haƙurin ya ƙare. Shi ya sa na rubuto a fili, inda kowa zai karanta, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganar maƙabartarmu ta Dundaye ce ta kawo ni. Yau in wani ya mutu a ikilisiyarmu, ba mu da inda za mu sa shi. Masu filin sun ce ba za a ƙara sa diga a wurin ba sai mun aika musu da shugabanmu, mutum ɗaya, kuma sun ba mu wa'adi zuwa yankan gero. Gero ya riga ya fitar da kai. Mu kuwa fasto biyu gare mu, kwaɗo biyu a ƙofar majami'a, shugaba babu. A filin nan mijina yake kwance, da 'yata Rahila, kuma can nake so a sa ni.

Na farko, filin nan ba namu ba ne, kuma ba ku taɓa tambaya ba.

Baba Fasto Ishaya ya riƙe ikilisiyarmu shekara talatin da ɗoriya. Tun yana sabon zuwa, aka yi rasuwar wani jariri aka rasa inda za a kai shi. Malam Haliru na Dundaye, malamin addinin Musulunci mai karantarwa a zaurensa, shi ya ji tausayi ya ba da gefen gonarsa. Magana ce ta baki tsakanin dattijai biyu, da sharaɗi ɗaya tak: ba a haƙa sai an gai da mai gona, shi kuma ya nuna wuri. Saboda haka duk ranar da aka yi rashi, kafin kowa ya taɓa shebur, Baba zai hau tsohon babur ɗinsa da goro a ganye, ya je ya zauna a zauren Malam, a gaisa, ya faɗi wanda ya rasu. Malam ya yi masa ta'aziyya, sannan ya tashi ko ya aiki ɗansa da sanda a zana wurin a ƙasa. Baba ya dawo ya ce wa samari, ku je, an nuna.

Mun yi shekara da shekaru muna jin "an nuna", ba wanda ya taɓa cewa wa ya nuna. Mun ɗauka Baba ne ke zaɓar wuri, mun ɗauka filin na ikilisiya ne. Ina ƙaunar Baba Ishaya kamar uban da ya haife ni, amma zan faɗi gaskiya: ya yi kuskure da yake tafiya shi kaɗai. Sai dai wa zai ɗauka? Ku kuma da kuke zuwa mana ziyara kowace shekara, ku ci shinkafa da kaji, ku tambayi mutum nawa aka yi wa baftisma, ko sau ɗaya akwai wanda ya zauna da tsohon nan ya ce, Baba, me kake riƙe da shi wanda in ka faɗi zai faɗi tare da kai? Babu.

Na biyu, tsoho ya roƙe ku ku sauke shi, kuka ƙi.

Duk Tudun Wada ta san Baba ya wuce shekarun ritaya. A gabanmu ya sha faɗa cewa idanunsa sun yi rauni, gwiwoyinsa sun gaji, a ba shi mutum ya koya masa gari kafin ya koma gida. Amsarku kullum ɗaya ce: Baba, ƙara mana shekara guda, wa zai iya Sakkwato in ba kai ba? Kirari ne mai daɗin ji, amma mu mun san abin da ke ƙarƙashinsa. Ba wanda ke son a turo shi nan, ana gudun zafi, ana gudun nisa, kuna kuma jin nauyin tilasta wa 'ya'yan abokanku. Duk mataimakin da kuka aiko, da ya fara sanin hanyar kasuwa sai ku ɗauke shi ku kai wata babbar ikilisiya. Haka kuka yi ta yi, kamar mai zuba ruwa a kwando.

Har ranar Lahadin da Baba ya yanke jiki ya faɗi a kan mimbari, yana tsakiyar wa'azi. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya tafi. Duk abin da ya sani game da Dundaye yana nan cikin kansa, amma babu bakin faɗa. A ranar ne kuka fara neman magaji. Ranka ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya, ko yaran da na koyar a aji uku sun san wannan.

Na uku, maimakon magaji ɗaya, sai kuka ba mu biyu.

Kai, Shugaba, ka buga wa Fasto Luka waya, mataimakin da bai daɗe da zuwa ba, ka ce ya riƙe ikilisiya. Sakatarenka kuma ya turo mana Fasto Haruna daga wata gunduma, da kayansa da iyalinsa, cewa shi ne sabon fasto. Fasto Luka mutumin kudancin Kaduna ne kamarka. Fasto Haruna mutumin ƙasar Zuru ne kamar Sakatare. Kada a ce mana dacewa ce, ba yara ba ne mu. Kai ba ka janye maganarka ba, shi bai janye tasa ba, kuna can ofis ɗaya kuna shan shayi tare, mu kuna nan kun bar mu muna cin naman juna.

Ikilisiyar da ta zauna lafiya shekara da shekaru ta tsage gida biyu. Waɗannan su yi sujada da sassafe, su fita su sa kwaɗonsu. Waɗancan su zo da hantsi, su yi tasu, su ƙara nasu kwaɗon. Zumuntar Mata da muke ɗaura zane iri ɗaya, muna raka juna haihuwa da biki, yau in muka haɗu wajen mai kayan miya sai kowa ta kau da kai. Ni 'yar Zuru ce, Bitrus ɗan kudancin Kaduna, akushi ɗaya muka ci tun aurenmu. Ya ce shi ba zai zaɓi ɓangare ba, don duk bencin da ɓangarorin biyu ke zama a kai hannunsa ne. Da ciwon sukarinsa, da kumburarriyar ƙafa, haka yake zama sujada biyu kowace Lahadi a bencin baya. Ina yi masa faɗa, yana cewa, bari Saratu, manya za su gyara. Ku yake nufi.

Na huɗu, abin kunyar da aka yi a gidan makoki.

Ana cikin wannan, Allah ya yi wa Malam Haliru rasuwa. Mutumin da ya ba mu ƙasar da muke rufe matattunmu. Ko ba don fili ba, an san abokin Baba ne, ta'aziyya ta zama dole. Aka tafi kuwa, amma mota biyu, kowane fasto da tasa. Suka isa kusan tare, suka yi cirko-cirko a ƙofar zaure, aka fara gardamar wa zai yi magana da sunan ikilisiya. Wannan ya ce shi ne fasto, wancan ya ce shi Majalisa ta aiko. Murya ta tashi a gaban malamai da manyan gari da ke zaune kan tabarmi suna karɓar gaisuwa, har sai da wani dattijo ya taso ya ce don Allah su tuna gidan mutuwa suke. Haka suka juyo, ba wanda ya yi ta'aziyyar kirki. Labarin ya riga su isowa Tudun Wada. Maƙwabciyata Hajiya ta tambaye ni ko gaskiya ne, na rasa inda zan sa fuskata.

An kawo muku rahoton wannan. Me kuka yi? Kuka ce za ku kafa kwamiti.

Na biyar, mijina.

Bitrus ya rasu tsakiyar damina. Ban gama kuka na fari ba, kowane fasto ya sanar cewa shi zai yi jana'iza: ɗaya ya ce mamacin ɗan'uwansu ne, ɗaya ya ce mijin 'yar'uwarsu ne. Wallahi ko ɗaya bai tambaye ni ba. Washegari kowanne ya tura samarinsa Dundaye da diga da shebur, don ya riga ɗan'uwansa. Ba wanda ya tsaya zaure, ba wanda ya gai da kowa, don ba wanda ya san ana yi. 'Yan ɓangare ɗaya suka fara haƙa kusa da tsofaffin kaburbura. 'Yan ɗaya ɓangaren suka iso, suka ce ba za su haƙa kusa da waɗancan ba, suka zarce cikin gonar mutane, suka tattake geron da ya kai gwiwa, suka haƙa nasu a can.

Kabari biyu, ranka ya daɗe. Mutum ɗaya, mai shiru-shiru, wanda bai taɓa neman kujera ba sai dai ya ƙera wa wasu, aka haƙa masa kabari biyu don fastoci biyu su gwada ƙarfi.

Malam Sambo, babban ɗan marigayi Malam Haliru, ya zo ya tarar da ɓarnar. Ya tambayi wanda ya aiko su, aka ba shi suna biyu. Sai ya ce kowa ya ajiye kayan aikinsa ya fita masa daga gona. A lokacin an riga an sa mijina a akwati, motar tana tsaye a ƙofar majami'a, ana jiran mai mabuɗin kwaɗo na biyu. Da labari ya iso, sai aka juya motar. Aka fitar da Bitrus daga akwatinsa, da farar rigar da na goge masa, aka mayar da shi ɗakin ajiyar gawa. Ya fi mako a can. Baƙin da suka zo daga gida suka gaji suka koma. Ni ina zaune a tabarma ina karɓar gaisuwar mutumin da ba a rufe ba, kowa ya ce Allah ya ji ƙansa sai ya sunkuyar da kai, don an san inda yake. A cikin kwanakin nan ne na buga muku wayar da aka ce mini ana addu'a.

Da na ga in na biye muku mijina zai shekara cikin ƙanƙara, sai na yafa mayafina, na kama hannun yayarsa, muka hau keke-napep zuwa Dundaye. Mace mai zaman makoki, ta fito tana neman ramin mijinta da ƙafarta. Ku da kuke da mata, ku auna wannan a zuciyarku.

Malam Sambo ya karɓe mu a zaure, ya sa aka kawo mana ruwa, ya yi mini ta'aziyya irin wadda ko ɗaya cikin fastocinku bai yi mini ba. A bakinsa na fara jin labarin goro da sanda, da alkawarin da ke tsakanin mahaifinsa da Baba Ishaya. Bai ɗaga murya ba, bai zagi addinina ba, bai ma yi maganar geronsa ba sai da ni na kawo ta. Da ya gama, sai ya dube ni ya yi mini tambaya ɗaya da harshensu na Sakkwatawa: "Inna, wa ab babbanku yanzu?" Na tsaya gaban masu duba makarantu, na tsaya gaban iyayen yara masu masifa, ban taɓa rasa amsa ba sai ranar. Hawaye kawai na ji suna zuba.

Ya shiga gida ya ɗauko sandar mahaifinsa, muka bi shi. Ya wuce ramukan nan biyu ko kallonsu bai yi ba, ya tsaya daidai gefen kabarin Rahila, 'yarmu da ƙyanda ta ɗauke tana ƙarama. Ban gaya masa inda take ba. Ya ce shi mahaifinsa ya aika ya zana nata. Ya zana na ubanta a gefenta, ya ce wannan don ni ya yi, da girman tsofaffin nan biyu. Kafintocin layinmu ne suka haƙa, Musulmi da Kirista. Ranar jana'iza fastocinku biyu suka zo da kwala a wuya, ɗaya ya tsaya ta kai, ɗaya ta ƙafa. Na ce duk wanda ya buɗe baki a cikinsu zan kurma ihu har a ji ni a Ƙofar Kware. Wani tsohon dattijon ikilisiya ne ya yi addu'a. An ce wai na yi rashin kunya ga bayin Allah. Na ji, kuma ko gobe zan sake.

Kafin mu watse Malam Sambo ya faɗi nasa. Ramukan biyu, ya ce, waɗanda "sunka gina su" su za su cike su, ba zai sa kowa ya taɓa ba. Sannan daga kan Bitrus an rufe filin, sai babbanmu ya zo zaure, shi kaɗai, an zauna an sabunta magana. Ƙannensa sun so a kewaye wurin tun ranar, a mai da shi gona gaba ɗaya, kuma wa zai ga laifinsu? Shi ne ya roƙe su su dakata zuwa kaka. Mutumin da aka tattake wa shuka shi ke roƙa mana alfarma, mu da muka yi ɓarnar ko sannu ba mu aika ba.

Na shida, kuma shi ne ke hana ni barci.

Baba Ishaya yana kwance a gidan 'yarsa, jiki ya yi nisa, ko kunu da ƙyar yake wucewa. Matarsa marigayiya Mama Ladi tana kwance a Dundaye, shi da kansa ya kai ta. Na je duba shi makon jiya. Da aka ambaci Malam Haliru sai hawaye suka gangaro masa, ya ɗaga hannun da ke motsi yana nuna babur ɗinsa da ke jingine a tsakar gida, taya duk ta sace. Ba mu gaya masa abin da ya faru ba. Wa ke da wannan zuciyar? In Allah ya kira shi yau, mutumin da ya nemo wa kowa makwanci shekara talatin, shi ne zai rasa nasa. Kuma na san ku: za ku cika motoci ku zo, ku sa manyan riguna, ku yi layi kuna jawabin irin hidimar da ya yi.

Ba zan jawo muku aya ba, kun fi ni karatu, ku ne kuke koya mana yadda magabata suka ɗora hannu a kan magadansu tun suna da rai. Ga abin da nake roƙo, kuma roƙo na ce don ladabi, amma hakkinmu ne.

Ku faɗi sunan fastonmu, mutum ɗaya, da baki ɗaya, kai da Sakatarenka kuna tsaye wuri ɗaya a gaban jama'a. Ko Luka, ko Haruna, ko wani can daban, wallahi ban damu ba, ko daga wace ƙabila ya fito. Ɗayan ku nema masa wuri da mutunci, don shi ma turo shi aka yi. A cire kwaɗo ɗaya daga ƙofar ɗakin Allah.

Wanda kuka naɗa, kai da kanka za ka raka shi Dundaye, da goro a ganye, ka cire takalmi a ƙofar zaure, ku yi ta'aziyyar da ba a yi ba, ku ba da haƙurin geron da aka tattake. Kada ku aika da wakili, kada ku aika da kwamiti.

Fasto Luka da Fasto Haruna kuma kowa ya ɗauki shebur ya cike ramin da ya sa aka haƙa. Da hannunsu, ba samari ba. Ramukan suna nan, ruwan sama ya cika su, kwaɗi sun tare a ciki, har akuyar wani ta faɗa ɗaya an ciro ta da igiya. Duk mai wucewa gona ya san sunansu: ramukan fastoci.

Sannan ku dubi sauran ikilisiyoyin gundumar nan. Akwai tsofaffi irin Baba da kuke ce wa su ƙara shekara guda, kowanne da zauren da yake shiga shi kaɗai, da maƙwabcin da yake gaisarwa, da alkawarin da ba wanda ya sani. Ku ba kowanne mutumin da zai hau bayan babur ɗinsa tun yana iya tuƙi, ku kuma bar mutumin nan ya zauna har gari ya san fuskarsa. Mu da muke zaune a Sakkwato mun san zaman lafiyarmu a kan gaisuwa yake tsaye, gaisuwa kuwa ba a gadonta sai an raka mutum an ce ga wane.

Ina yi muku addu'a, duk da fushin da nake ciki. Allah ya ba ku tsawon rai da lafiya, ya ba ku hikima da ƙarfin halin ɓata wa abokanku rai saboda garken da ya ba ku. Allah ya sa ku sauka daga kujera da ƙafafunku, kuna ganin wanda zai hau. Ranar taku kuma, Allah ya sa a sami mai nuna muku wuri, kada matanku su ga abin da na gani.

Ranar da Malam Sambo ya zana wa Bitrus wuri, na lura ya bar 'yar tazara a gefensa, daidai kwanciyar mutum ɗaya. Har yanzu yana jiran amsar tambayarsa, kuma masu yankan gero sun fara wasa lauje. Ku ba ni suna ɗaya in kai masa. In kuwa ba ku da shi, ku faɗa mini a fili, in fara neman inda za a kai Baba Ishaya, in kuma je in gaya wa Bitrus kada ya jira ni a gefensa.

Na faɗi nawa, saura naku. Wassalam.

Taku cikin Ubangiji,
Malama Saratu, matar marigayi Bitrus kafinta,
Tudun Wada, Sakkwato.